Wa Zai Rubuta Wa Kiristan Kiru Da Doguwa Halin Allah Da Hausarsa?

 Na san a zauren nan Musulmi sun fi yawa, Kirista kaɗan ne, amma maganar yau ta shafi duk mai riƙe alƙalami da Hausa. Ra'ayina shi ne, Kiristan Bahaushe na ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa yana buƙatar littattafan tarbiyyar ruhu waɗanda aka yi tunaninsu da Hausa tun daga tushe, kuma mu masu tasowa ne ya kamata mu rubuta su.

Wasunmu ba su ma san da waɗannan mutane ba. Da yawansu 'ya'ya ne da jikokin Maguzawa, ba su da wani harshe sai Hausa. Ranar Lahadi da Hausa ake wa'azi, da Hausa zumuntar mata ke rera waƙa, da Hausa ake koyar da yara. Wasu 'yan ECWA ne, ikilisiyar da ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin mishan na SIM, wasu Katolika, wasu Angilikan ko Baftis. Littafi Mai Tsarki kuwa ya daɗe a harshensu: Schön ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa a 1880, cikakken littafin ya fito a 1932 bayan aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya jagoranta. Tushe dai yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ginin da ake ɗorawa a kansa, wato rubutun da zai kama hannun mai bi ya nuna masa wane ne Allahn da yake bauta wa, da yadda saninsa ke gyara hali.

Abin da matashi ke samu yau yawanci iri biyu ne. Na farko littattafan Amurka da Ingila, ko da Turanci ko an juya su kalma da kalma. Sukan ce ka tashi da asuba, ka keɓe a ɗakinka kai kaɗai da kofin shayi, ka yi tunani cikin shiru. Matar da ke ƙauyen Riruwai wane ɗaki take da shi ita kaɗai? Asubarta ta ɗebo ruwa ce da hura wuta, ga goyo a baya. Idan ta karanta wannan, za ta ɗauka kusantar Allah ta masu hutu ce. Na biyu shi ne wa'azin waya da ke nuna Allah kamar attajirin da ke raba mota da biza ga wanda ya fi ba da baiko. Wanda aka rena da wannan, ranar da damina ta yi gardama ko ɗansa ya rasu, bangaskiyarsa za ta girgiza, domin kyautar aka koya masa, ba a koya masa halin Mai kyautar ba.

Alhali Bahaushe ya riga ya mallaki kalmar da ake nema: hali. Muna cewa hali zanen dutse, muna cewa sai an zauna da mutum ake sanin halinsa. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa abubuwa irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, mutunci da adalci. A Fitowa sura 34, inda Allah ya bayyana kansa ga Musa, halaye ne aka jera: jinƙai, jinkirin fushi, aminci, gafara, tare da hukunta laifi. A Galatiyawa sura 5 ma, alamar girman mai bi halaye ne. Ke nan marubucin Hausa ba ya buƙatar aron ma'auni daga waje.

Ku ɗauki labarin ɗan da ya ɓace a Luka sura 15. Bahaushe yana ganin abin da mai karatu a Landan zai iya tsallakewa. Yaro ya nemi gado mahaifinsa na da rai, abin da a wajenmu daidai yake da yi wa uba fatan mutuwa. Da ya dawo tsiya-tsiya, dattijon ya ruga da gudu ya tarye shi. Wane maigida ne a Kiru zai tattare babbar riga ya sheƙa a guje a gaban jama'a saboda ɗan da ya zubar masa da mutunci? Sa'an nan da babban ɗan ya yi fushi ya ƙi shiga gida, uban ya fita da kansa yana lallashinsa. Mu da muka san kunyar ɗan fari, inda uba ko sunansa ba ya kira, mun san nauyin wannan fitar. Shafi biyu a kan wannan kaɗai, da Hausa mai daɗi, sun fi babi goma na fassara amfani ga mai karatu a Kwanar Dangora.

Haka batun girma. Manomin masara a Doguwa da na shinkafa a Tudun Wada sun san ba a jan shuka da hannu don ta yi tsawo. Akwai firi, akwai maimai, akwai jiran ruwa. Sun san ƙuduji, wanda ke tsotse dawa ta ƙarƙashin ƙasa tun kafin furensa ya bayyana. Ga hoton ƙiyayyar da mutum ke ɓoyewa a zuci yana zuwa sujada kowane mako. Wanda ke noman rani da ruwan madatsar Tiga ya san bambancin gonar da ke jiran sama da wadda ke da magudana. Waɗannan misalai suna zube a ƙofar gida, ba wanda ya tsince su.

Wani zai ce Littafi Mai Tsarki ya isa, me za a ƙara? Ai ba ƙari ake nema ba, bayani ake nema, kuma 'yan uwanmu Musulmi sun nuna hanya tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta yi wa mata waƙoƙin koyarwa da harshen da suke ji. Wani zai ce babu kasuwa. Gaskiya ne masu sayen ba su kai na littattafan soyayya ba, amma waya ta rage tsadar ɗab'i, kuma rubutu ɗaya da aka karanta a taron zumuntar mata ya shiga kunnuwa da yawa, har na waɗanda ba su iya karatu ba. Wani kuma zai ji tsoron kada abin ya zama tsokana. Rubutun da ke koya wa mutum haƙuri da riƙon amana riba ce ga maƙwabcinsa, ko wane addini yake bi. Tsokana tana zuwa ne idan marubuci ya bar gyaran gidansa ya koma zagin gidan wani, kuma wannan ba shi nake kira a yi ba.

Ga mai son farawa, shawarata uku ce. Ka ɗauki hali guda kawai a kowane rubutu, misali jinkirin fushi, ka bi shi ta labari guda kamar na Yunana, wanda ya ji haushi don Allah ya tausaya wa Nineba. Ka karanta wa tsohuwar da ba ta yi boko ba, duk inda ta ce "me ke nan?", wurin Turanci ne sanye da rigar Hausa, ka sake shi. Sannan ka kai wa fasto ko dattijon ikilisiya ya duba koyarwar kafin ka saki, domin kuskure a rubutun addini ya fi kuskure a ƙagaggen labari tsada.

Ku kuma 'yan uwa Musulmi masu rubuta labari, idan za ku sa Kirista a littafi, ku tuna akwai wanda sunansa Audu ko Talatu, Hausarsa ta fi ta birni tsabta, gonarsa na jikin ta kawunku.

Wanda ya san wani littafi irin wannan da aka rubuta kai tsaye da Hausa, ya ajiye mana sunansa a ƙasa mu nema. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.