Dutsen Da Ummi Ta Tsinto A Bakin Teku

 Ina neman afuwa saboda rashin jina da kuka yi har fitowa biyu a jere. Wasu har sun rubuto suna tambaya wai ko aure aka yi mini ba a gayyace su ba. To ku kwantar da hankalinku, in lokacin ya zo ku ne a sahun gaba wajen anko. Tafiya ce ta kama ni. Yayata da ke aure a Ingila ta haihu, Hajiyarmu kuma ga ciwon ƙafa, don haka ni aka tura na je na taya ta zaman jego.

Da aka yi arba'in, ga watan Agusta yara suna hutu, sai maigidan Yaya ya ce zai kai mu bakin teku mu yi kwana uku. Ni da na ji an ce teku har na fara tsara labari a raina, ga saurayi ga budurwa, ga rairayi, ga rana tana faɗuwa. Sai ɗiyar Yaya, Ummi, 'yar shekara tara, ta ce, "Anti, ba fa wasan ruwa za mu ba, duwatsu za mu tsinto."

Na ce, "Ke tafi can! Duk duwatsun da na baro a Dala da Goron Dutse, sai na zo Ingila zan yi tsintar dutse?"

Sunan garin Laim Rijis, yana gundumar Doset a kudancin Ingila. Daga Landan tafiyar kusan awa uku ce a jirgin ƙasa, kuma jirgin ba ya shiga garin, a Aksminsta ake sauka a ƙarasa da bas. Ɗan ƙaramin gari ne a jikin tudu, titunansa sun gangaro har bakin ruwa, in kina hawa sai kin yi haki. Akwai wata tsohuwar katangar dutse mai lanƙwasa da ta shiga cikin teku tana kare jiragen masunta, suna kiranta Kob. Kusa da ita ne rairayin yake, nan iyaye ke baje tabarmi yara na gina gidan ƙasa da 'yan bokitai. Ranar farko a nan muka wuni. Na tsoma ƙafata a ruwan na janye da sauri, wallahi kamar ruwan randa da asubar hunturu, amma 'ya'yan Turawa sai iyo suke abinsu. Muka sayi soyayyen kifi da dankali, ina ɗaga hannu zan kai baki wani farin tsuntsun teku ya sure kifin kamar yadda shirwa ke yi wa yaro da tsoka. Yaya ta yi dariya har da hawaye.

Washegari muka bi wani malami daga gidan tarihin garin, wanda ke fita da baƙi neman abin da ya kawo mu, wato halittun dā da suka zama dutse. Kafin mu taka ko'ina sai da ya ja mana kunne. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma ana fita ne lokacin da yake janyewa, don in ya juyo yana iya tsare mutum tsakaninsa da tsauni. Tsaunin kuwa, wanda ke tsaye a kan gaɓar kamar ganuwa, ba a zama a gindinsa, ba a kuma haƙarsa. Laka ce da ta daskare, in ta sha ruwan sama sai ta zaftaro ba sallama. Abin da ya zaftaro teku ke wankewa ya baje a gaɓa, shi ake tsinta.

Ya ce shekaru wajen miliyan 200 da suka wuce wurin nan ƙarƙashin teku yake. Dabba ta mutu ta nutse, laka ta binne ta, wata lakar ta hau kai, a hankali ma'adinan ƙasa suka shiga ƙashinta ko ɓawonta har ya koma dutse da siffarsa yadda take. Na ce ikon Allah! Mafi yawan abin da ake samu shi ne amonait, wani ɗan uwan dodon koɗi a ido, a naɗe kamar ƙahon rago. Mutanen garin a dā suna cewa maciji ne ya zama dutse. Yanzu har fitilun kan titinsu da siffarsa aka ƙera su. A gaɓar da ke yamma da Kob akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ruwa ke buɗewa in ya janye, cike da su, wasu sun kai faɗin faifai. Waɗannan kallo kawai ake yi, ba a taɓa su da guduma. A 2001 aka sa wannan gaɓa, mai tsawon mil 95, cikin wuraren tarihi na duniya.

Maigidan Yaya ya raɗa mini cewa kada na raina gida, yankin Sakkwato ma ya taɓa zama teku, har an tono ƙashin wani ƙaton ƙadangaren ruwa aka raɗa masa suna da sunan Goronyo. Na gama sakandare ban taɓa jin wannan ba.

Awa biyu ina sunkuye, atamfata ta jiƙe, iska na ta fizgar gyalena, har na taka gansakuka na zauna daɓas a gaban jama'a. Abin da na samu bai wuce wasu 'yan duwatsu masu kama da harsashi ba. Ummi ce ta ƙwalla ihu, "Anti, zo ki gani!" A tafin hannunta ga amonait bai fi maɓallin riga ba, yana ƙyalli kamar zinari, kowane layi na jikinsa ya fito raɗau. Malamin ya duba ya yaba, sannan ya ce da mun koma masauki ta samu takarda ta rubuta inda aka same shi, da ranar, da sunan wanda ya tsinta. Ya ce a garin nan ba sa wasa da na ukun, saboda Meri Anin.

To ƙannena, labarin wannan baiwar Allah shi ne ya sa na ɗauki biro yau.

An haife ta a garin a 1799, 'yar wani kafinta matalauci da ke haɗawa da sayar wa baƙi irin waɗannan duwatsu. Cikin 'ya'ya goma, ita da wanta Yusufu kaɗai suka rayu suka girma. Uban ya rasu a 1810 ya bar su da bashi. Karatunta bai wuce ɗan abin da ta koya a makarantar coci ta ranar Lahadi ba. A 1811 wanta ya gano wani ƙoƙon kai mai tsawon ƙafa huɗu, suka ɗauka kada ne. Bayan watanni Meri, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta gano sauran jikin. Ashe wata dabbar teku ce da ta ƙare tun fil'azal, jiki na kifi, ƙashi na ƙadangare. Fam 23 aka ba su. Ku duba fa, sa'ar 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

Ba ta tsaya a tsinta ba. Ta riƙa aron takardun masana tana kwafewa da hannu har da zanen da ke ciki, tana feɗe kifi don ta gane yadda ƙashi ke haɗuwa. Da hunturu take fita, lokacin da tsaunin ya fi zaftarewa, don a lokacin ne sabon abu ke bayyana. A 1823 ta tono cikakken ƙwarangwal na wata dabbar mai dogon wuya, wanda babban masanin Faransa, Kubiye, ya fara zargin haɗe-haɗe ne, daga baya ya yarda na gaske ne. A 1828 ta samo ƙadangare mai fukafukai, na farko da aka gani a wajen Jamus. A 1833 ƙasa ta zaftaro ta kashe karenta a gabanta, ita ma da ƙyar ta sha.

Amma da aka gabatar da mai dogon wuyan nan a taron ƙungiyar masana duwatsu ta Landan a 1824, wanda ya yi jawabin ko sunanta bai ambata ba. Ita kuwa ba ta da ikon zama 'yar ƙungiyar, sai a 1919 suka fara karɓar mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan yi musu kuɗin goro ba, akwai na kirki, don wani tsohon soja ya yi gwanjon duwatsunsa a 1820 ya ba iyalinta kuɗin da ya ga har kayan ɗaki suna sayarwa. Sai dai taimako daban, haƙƙi daban. Ciwon dajin nono ya kashe ta a 1847, tana da shekara 47.

Da yamma Ummi ta ja ni wurin mutum-mutuminta da ke kallon teku, guduma a hannu, karen a gefe. Sai a 2022 aka kafa shi, shekara 175 bayan rasuwarta, kuma wata 'yar makaranta ce ta tayar da maganar, ta tambayi uwarta me ya sa babu shi, suka shiga neman gudummawa. Ina tsaye a wurin na ji idona ya ciko. Yaya ta ce, "Ke kuma lafiya?" Na ce iska ce.

Ba iska ba ce. Littafina na farko na tuna. Ina da shekara goma sha tara na rubuta shi, a littattafan makaranta guda huɗu, da fitilar ƙwai bayan kowa ya yi barci. Na ɗauka dungurungum na ba wani mai buga littattafai, ba zan kama suna ba, ban riƙe kwafi ba, ba takarda, ba shaida, don ina jin kunyar a ce yarinya ta cika son kuɗi. Da littafin ya fito, sunansa ne ɓaro-ɓaro a bango, wai shi ya tsara ya gyara, nawa kuwa can ciki da ƙananan baƙaƙe. Kwafi ashirin ya aiko mini da shi, shi ke nan ladan. Da na yi magana aka ce ai gata ya yi mini, na gode wa Allah. Na yi shiru, har yau kuma shirun nan yana cina fiye da kuɗin.

Shi ya sa ku masu rubuto mini cewa kun gama labari kuna neman wanda zai buga, ba na gajiya da maimaita muku: ku yi hoton kowane shafi ku ajiye, ku tafi da Baba ko Yaya, a rubuta yarjejeniya a sa hannu, a faɗi kwafi nawa za a buga da yadda sunanki zai fito. Wanda ya ji haushin wannan, karɓi littafinki ki yi gaba.

Daren da za mu baro garin Ummi ta yago takarda ta rubuta wuri da rana, ta rubuta cikakken sunanta har da na kakanta, ta naɗe dutsen a ciki. Ranar da zan taho gida sai ta cusa mini shi a jaka ta ce, "Anti, aro na ba ki fa, ki nuna wa Hajiya. Kada ki yar da takardar." Hajiya ta jujjuya shi ta ce ita dai ba ta yarda ba ɗan kunne ba ne. Ga shi nan kan teburina cikin gwangwanin alawa, sai sun zo hutun Sallah na mayar mata.

Wasiƙunku sun taru jingim, in Allah ya kai mu fitowa ta gaba da su za mu fara. Wassalam.