Kafin Mu Ɗora Wa Sabar Laifi

A bankuna da jami'o'inmu, "sabar ta tsaya" ta zama amsar kowane ƙorafi. Jimla ce mai ɓoye wanda ya yi sakaci, alhali na'ura ba ta tsayawa haka siddan. Ƙwararre yakan fara duba wutar lantarki, sannan fanka da ƙurar hunturu mai toshe iska, kana ma'adanar bayanai, yana sauya kayan ɗaya bayan ɗaya har cutar ta bayyana. A 2017, matsalar wuta a cibiyar kwamfutocin British Airways ta hana fasinjoji kimanin 75,000 tafiya. To, ina ga mu da wutarmu ba ta da tabbas? Wajibi ne shugabanni su ware kuɗin kula da na'urori da horar da ma'aikata tun kafin ɓarna ta auku.