Kwalliya Da Lafiya: Wai Abincin Firji Na Rage Ƙiba?

Budurwa a Rano ko Kibiya ta ga jaruma a fim ta zama 'yar cas, sai ta ji an ce ai sirrin shi ne abincin firji irin na Turawa, wanda ake sayowa a dafe, sai ɗumamawa kawai. To, a dakata tukuna!

Ƙanƙara dai ba ta sa ƙiba, ba ta kuma rage ta. Abin da ke cikin kwalin shi ne magana. Amfaninsa guda ne: a aune yake, babu zancen ƙari. Sai dai galibi gishiri ya yi masa yawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba.

Ga kuma rashin wuta. Abincin da ya narke ya yini cikin zafi, aka sake daskarar da shi, yana iya jawo amai da gudawa. Ramar ciwo kuwa ai ba kyau ba ce.

Dabarar aunawar ita ce abin ɗauka. A rage malmalar tuwo, a sassauta mai a ɗanwake, a yawaita kwaɗon zogale da rama, a bar lemon kwalba, a riƙa tattaki da yamma. Sannu ba ta hana zuwa, 'yan mata!