Lemun Tsami a Fuska: Gyara ne ko Ɓarna?

Wannan watan za mu ɗan jingine maganar kuɗin makaranta da muka faro, domin wani abu ya tare mana hanya.

Da aka dawo daga hutun ƙarshen shekara, mu malamai mun lura da 'yan mata uku a aji ɗaya, kowacce da baƙin tabo a kunci, ɗaya ma har da shatin yatsu a gefen wuya kamar an dafa ta da hannu mai lalle. Da farko mun zaci dukan gida ne, har wata malama ta ja su gefe ta tambaye su. Ashe biki aka yi a unguwa, wata ƙawar amarya ta ce su matse lemun tsami su gauraya da sukari su goge fuska, wai shi ne "asid ɗin 'ya'yan itace" da ake sayarwa da tsada a kanti. Suka shafa da safe, suka wuni a rana wajen girki da aike. Kwana biyu fuska ta yi ja ta ɗuri ruwa, da ta warke kuma ta bar baƙi.

To jama'a, ƙawar amaryar nan ba ƙarya tsagwaronta ta yi ba. Asid ɗin 'ya'yan itace gaskiya ne. A shekarar 1974 wasu masana biyu a Amurka, likitan fata Eugene Van Scott da abokin aikinsa Ruey Yu, suka nuna cewa wani dangin sinadarai masu tsami yana taimaka wa masu wata cuta da ke sa fata ta bushe tana ɓamɓarewa kamar jikin kifi. Sai a shekarun 1990 kamfanonin kayan kwalliya suka rungumi abin. Su ne ake rubuta wa haruffa uku, AHA, a jikin kwalba. Kuma dukkansu mun san gidajensu: gilaikolik yana cikin rake, laktik yana cikin nono mai tsami, sitirik yana cikin lemu, malik yana cikin tuffa, tatarik kuwa a inabi da tsamiyarmu ta kunu. Amma mafi yawan wanda ke cikin kwalabe a masana'anta ake harhaɗa shi, ba daga gona aka matso shi ba.

Aikinsu ba wani sihiri ba ne. Saman fatar ɗan Adam matattun ƙwayoyi ne da ke manne da juna, suna zubewa a hankali, sababbi na maye gurbinsu cikin kamar mako huɗu. Asid ɗin yana sassauta abin da ya manne su, sai su zube da wuri, fata ta yi laushi, tabon kuraje ya riƙa dishewa. Shi ya sa likita kan rubuta man laktik ga mai kaushi da faso a irin wannan lokaci, kuma akan ba maza masu kurajen aski man gilaikolik. Ba ya mai da baƙi fari. Wanda Allah ya halitta baƙi, in ya shafa shekara goma, baƙi zai tashi, sai dai mai sheƙi.

Ina bambancin lemun kasuwa da na kwalba ke nan? Awo. A darasin kimiyya muna koya wa yara ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda idan lamba ta yi ƙasa tsami ya ƙaru, kuma kowane taki ɗaya ninki goma ne. Fatar mutum tana wajen 5. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Ku yi lissafin da kanku. A ƙarshen shekarun 1990 kwamitin masana da ke duba kayan kwalliya a Amurka ya ce wanda za a yi amfani da shi a gida kada ƙarfinsa ya wuce kashi 10 cikin 100, kada kuma pH ɗinsa ya gaza 3.5. Lemun da aka sayo uku sidi kaza, wa ya auna shi?

Bugu da ƙari, lemun tsami yana da wani mugun hali da ba ruwansa da tsaminsa. A ruwansa, balle a man ɓawonsa, akwai sinadarin da idan ya taɓa fata kuma rana ta dake shi, sai ya ƙona wurin kamar an zuba ruwan zafi, yawanci bayan kwana ɗaya ko biyu. Shatin yatsun da muka gani a wuyan yarinyar nan, wurin da ta goga hannu ne. Mu baƙar fata kuma abin ya fi yi mana illa, domin duk inda fatarmu ta ji ciwo, baƙi take ƙara tarawa a wurin, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya tafi. Mai neman haske sai ya tashi da duhu biyu. Samarin da ke goga lemu a haɓa bayan wanzami ya gama da su, wannan magana har da ku.

Ko na kwalba mai kyau ma, ba ya shiri da rana. A 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci kamfanoni su riƙa rubuta gargaɗi cewa mai shafa shi ya kare fatarsa daga rana muddin yana shafawa, har da mako guda bayan ya daina. Wannan fa a ƙasar da ake sanyi rabin shekara. Ina ga mai talla a Nima, ko mai ɗaukar kaya a Kejetia da tsakar rana?

Abin da ya fi damunmu ma shi ne na kan teburin 'yan kasuwa. Tun da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana kayan shafa masu haidirokwinon a 2016, bayan maƙwabtanmu na Kot Debuwa sun hana man bilicin a 2015, wasu masu haɗin gida sai suka canja wa tuwo suna. Za ka ga kwalba da hoton lemu ko gwanda ko karas, ba sunan kamfani, ba adadin abin da ke ciki, an yi alkawarin haske cikin kwana bakwai. Asid ɗin 'ya'yan itace na gaskiya ba ya wannan gaggawa. Duk man da ya sauya launin mutum cikin mako guda, a yi zargin akwai haidirokwinon, ko zaiba mai lalata ƙoda, ko maganin sitiroyid mai sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana.

Iyayenmu mata, ba mu ce kada 'ya'yanku su yi gyaran jiki ba. Wadda ta balaga kuma take da tabon da ke damunta, ta tafi kantin magani mai rajista ta nemi wanda aka rubuta ƙarfinsa da lambar hukuma a jiki. Ta fara gwada ɗan kaɗan a cikin damtse ta jira kwana biyu. Da dare ake shafawa, sau biyu a mako da farko, ba a kan ƙurji mai ruwa ba, ba kusa da ido ba, ba kuma a haɗa shi da dilka ko soso mai kaushi a rana ɗaya ba. Da safe a wanke, a sa man kariya daga rana. In ya yi zafin da bai lafa ba cikin 'yan mintoci, a wanke da ruwa mai yawa a daina. 'Yar shekara goma sha uku kuwa sabulun salo da man kaɗanya sun ishe ta.

'Yan matan nan uku mun aika an kira iyayensu, an kai su asibiti. Biyu tabonsu ya fara bajewa. Ta ukun, mai shatin yatsu, likita ya ce a ba shi kamar wata shida, kuma ta guji rana. Ta roƙi a mai da ita kujerar baya, nesa da taga, mun kuwa mai da ita.