Ƙyallen tela bai cancanci kwata ba

Yanzu a Zango ba a yin awure ko suna sai an fitar da yayi. Amarya ta zaɓi atamfa, ƙawaye da dangi kowa ya sayi tasa, teloli su kwana a kan keke. To amma a kowace riga da aka yanka akwai abin da almakashi ke bari a ƙasa: hannu ya bar kusurwa, wuya ya bar zagaye, zani ya bar baki. A Nima ko Mamobi, ko Aboabo ta Kumasi, duk wanda ya bi ta gaban shagon tela ana saura kwana biyu Salla ya san buhunan da nake nufi. Sabon yadi ne fil, an biya kuɗinsa, ko wanki ɗaya bai sha ba, amma ƙarshensa bola ko kwata.

Ra'ayina shi ne masu shagon yadi a unguwanninmu su ne ya kamata su ɗauki wannan magana, tun da a wurinsu kowa ke haɗuwa. Tela na zuwa, mai awure na zuwa, tsohuwa mai neman rabin yadi ma na zuwa. Na san wani shago a unguwarmu da mai shi ta ajiye buhu a bayan kanta, teloli na zuba mata ƙyallaye, mata kuma na zama da yamma suna tsinta. Wannan ta kawo bargon jariri da ta haɗa, waccan ta kawo jakar makaranta, ana juyawa ana duba bayan ɗinkin, ana cewa "Hajiya, nan kin ja zare da yawa." Ba kuɗin shiga, ba takardar shaida. Mai shagon kuma ba asara take yi ba, don duk wadda ta haɗa fuskar bargo sai ta sayi yadi biyu na shafi da zare a wurinta.

Kada wani ya ce mana wannan sana'ar Turawa ce. Gaskiya ne a Amurka an mayar da ita babban abu, har barguna da baƙaƙen mata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama suka ɗinka da tsofaffin tufafi sun shiga gidajen adana kayan fasaha. Amma maƙwabtanmu Akan suna da asasawa, zanen da ake haɗawa da guntayen atamfa kala-kala. Mu kuma Hausawa muna da lifidi, wanda ake cusa wa auduga a bi shi da ɗinki layi-layi don ya tare kibiya daga jikin doki da mahayinsa. Dabarar ɗaya ce: fuska a sama, cushe a tsakiya, shafi a ƙasa, ɗinki ya riƙe su uku.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma nan ne zaman tare ke da amfani. Ana wanke ƙyallayen kafin a yanka, saboda wani yadin yana tsukewa, wani yana zubar da kala, in ba haka ba wankin farko zai murɗe bargon ko ja ya ɓata fari. Ba a haɗa auduga da leshin roba a fuska ɗaya, don ba sa ja daidai, kuma dutsen guga da ya yi wa ɗaya daidai zai ƙone ɗaya. Bakin ɗinki dole ya zama ɗaya a ko'ina. Kuskuren da bai kai faɗin farce ba, in ya maimaitu a guntu ashirin, sai layi ya ƙi haɗuwa. Kowane ɗinki a goge shi kafin a wuce. Waɗannan abubuwa ba a gane su da kallon bidiyo a waya kamar yadda ake gane su in wata ta kama hannunki ta nuna miki.

A nan ne malamtata ke shigowa. A ƙaramar sakandare muna da darasin koyon sana'a, kuma ɗinki na cikinsa. Amma a makarantun unguwa da yawa yaro zai zana keken ɗinki a littafi, ya rubuta sunayen sassansa, ya ci jarrabawa, bai taɓa zura zare a allura ba. Alhali haɗa ƙyalle lissafi ne tsantsa. Yarinyar da ke gudun kashi-kashi a allo, ka ba ta guntu mai kusurwa huɗu ka ce ta raba shi biyu ta fitar da masu kusurwa uku, ta lissafa guda nawa za su cika yadi ɗaya, sai ka ga kanta ya buɗe. Buhu ɗaya na ƙyalle da fakitin allura sun ishi aji guda zangon karatu, kuma ba sai an jira kasafin gwamnati ba.

Sai kuma maganar ƙazanta, wadda mu mutanen Akra bai kamata a tuna mana ba. Kasuwar Kantamanto na karɓar kayan gwanjo wajen miliyan 15 a mako, kuma ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta kashi 40 cikin ɗari na fita daga kasuwar a matsayin shara. Muna ganinsu a rafin Odaw, a tafkin Korle, a bakin teku a Jamestown sun nannaɗe kamar igiya. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar Circle sun ci rayuka fiye da 150, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Ba zan ce ƙyallen telan Nima ne ya yi wannan ɓarna ba, nauyinta na kan masu turo mana kwantenoni daga Turai da Amurka da Sin. Amma kwatar da ke gaban gidanmu ba Bature ne ke cika ta ba. Kuma a Kantamanto ɗin nan, wadda gobara ta cinye a farkon Janairun 2025, akwai teloli da ke cin abinci da sake yanka tsofaffin kaya su mayar da su sababbi. Sun riga mu gane abin.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce faci alamar talauci ce, wace uwa ce za ta rufa wa ɗanta guntaye a ranar suna? Wasu teloli kuma za su ce in an koya wa mata kyauta, wa zai biya kuɗin shiga wurin Madam? Na farko, wanda ya ga bargon da aka haɗa da tsari ba zai kira shi faci ba, kuma baƙi na sayen jakar asasawa da tsada a Osu. Na biyu kuwa yana da ɗan gaskiya, amma zaman yamma ɗaya a mako ba ya fitar da tela. Abin da yake yi shi ne nuna wa yarinya cewa hannunta na iyawa, daga nan ne ma za ta roƙi iyayenta su kai ta koyo na shekara uku.

Akwai abu ɗaya da zan ja hankalin teloli a kai. Ragowar yadi na mai kaya ne, ba naka ba. Babban guntu a mayar masa, ƙanana kuma a tambaye shi kafin a zuba a buhu. Kalma ɗaya ce, kuma da wuya a hana.

Asusun raya Zango da aka kafa da doka a 2017 yana da koyar da sana'a a cikin aikinsa, don haka neman keke biyu ko uku ga irin wannan zama ba roƙon alfarma ba ne. Magajiyoyi da sarakunan Zango su rubuta su nema. Kafin amsa ta zo, mai shago ta ajiye buhu, teloli su rarraba auduga daban roba daban, malamai mu je mu ɗebo wa ajinmu. Hunturu na shigowa a Disamba, kuma bargon jariri ɗaya ba ya wuce zama huɗu ko biyar.