Kafin ɗanki ya tafi karatu Filifin, ku yi maganar titi



Makon jiya wata Hajiya daga Agege, wadda ta daɗe tana sayen magani a wurina, ta shigo kemis da doguwar takarda a hannu. Ɗanta ya samu gurbin karatun likita a ƙasar Filifin, tana so in haɗa masa magunguna: na zazzaɓin cizon sauro, na taifod, na gyambon ciki, na mura, har da na ƙarin jini. Da na gama dubawa sai na ce, "Hajiya, ban ga hular kwano a lissafin nan ba." Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya nake yi. Da gaske nake. Ƙanina ya yi shekara biyar a birnin Sebu, ni ma na je na yi mako uku lokacin bikin kammala karatunsa, kuma a duk tsawon zamansa abin da ya kai shi asibiti sau biyu babur ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato daidai shekarun yaran da muke turawa. A Filifin kaɗai ana rasa sama da mutum 10,000 duk shekara a kan titi. Iyaye sukan yi wa yaro huɗuba kan abokai, kan salla, kan naman alade. Titi kuwa sai a ce ai ɗan Legas ne, wanda ya iya danfo da okada me zai gagare shi?

A nan matsalar take, domin komai na can yana kama da namu. Suna tuƙi a hannun dama kamar mu. Suna da jifni, doguwar mota mai ado wadda asalinta motocin sojan Amurka ne da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Fasinja na zama suna fuskantar juna, a miƙa kuɗin mota hannu da hannu har ya isa ga direba, mai son sauka ya ce "para po". Direban zai tsaya a inda ya ji kalmar, ko da tsakiyar titi ne, kuma ƙofar fita a baya take. Mai sauka yana sa ƙafa a ƙasa, yana fuskantar duk abin da ke biye da motar. Suna da tasu keken haya, amma ba irin Keke Napep ba: babur ne aka liƙa masa akwati a gefe, ƙasa-ƙasa, kan fasinja daidai tayar babbar mota. Sai ɗan acaɓa, da suke kira habal-habal, da kuma waɗanda ake kira ta waya kamar Angkas da JoyRide. Babura a Manila da Sebu ba su da iyaka, suna kutsawa ta kowane gefen mota. Su kansu 'yan ƙasar sun gaji da masu tuƙin ganganci har sun laƙaba musu suna "kamote", wato dankali.

Zanen tsallaka titi yana nan, amma kada yaro ya ɗauka mota za ta tsaya masa don ya taka shi. A manyan hanyoyi irin EDSA a Manila, gadar masu tafiya a ƙasa ita ce kawai hanya, komai tsayinta, komai zafin rana. Ƙanina ya ce abin da ya fi ba shi haushi a watannin farko shi ne rashin gefen titi: inda ya kamata mutum ya bi an ajiye mota, ko mai tireda ya kafa rumfa, dole ka sauko ka haɗa hanya da babura.

To ga dokokin da ya kamata ya tafi da su a kai. Lasin tuƙin da ya zo da shi daga waje yana aiki kwana 90 ne daga ranar da ya sauka, bayan haka sai ya je hukumar LTO ya karɓi nasu. Dokar hular kwano ta 2009 ta wajabta ta a kan mai tuƙi da wanda aka goya, kuma hular sai mai tambarin inganci na ICC ko PS. Riƙe waya ana tuƙi laifi ne, har a lokacin da danja ta tsayar da kai. A Manila akwai tsarin lambar mota: mai lambar da ta ƙare da 1 ko 2 ba ya fita a lokutan cunkoso ranar Litinin, 3 da 4 Talata, haka har zuwa 9 da 0 ranar Juma'a. Masu tafiya da iyali kuma su sani cewa dokar 2019 ta hana ɗan shekara 12 zuwa ƙasa zama a kujerar gaba, sai in tsayinsa ya kai santimita 150, sannan ba a goya yaro a babur a hanya mai cunkoso sai ƙafarsa na isa wurin takawa kuma hannunsa na zagaye ƙugun mai tuƙi.

Shawarata ga Hajiya ita ce kada a saya masa babur a shekarar farko, komai magiyar da zai yi. Zai ce kuɗin mota ya yi yawa, zai ce duk abokansa suna da shi. Ku lissafa kuɗin Grab na shekara guda, ku ajiye shi kusa da kuɗin tiyatar ƙashin cinya a asibitin kuɗi, ga jarrabawar da za ta wuce shi yana kwance, ga ku nan a nesa da tazarar awa bakwai tsakaninku. Idan kuma dole ne ya hau acaɓa, ya mallaki hularsa mai rufe haɓa, daidai kansa, ya ɗaure igiyar. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya taɓa ƙasa.

Yanzu bari in shiga ɓangarena. Maganin mura da aka fi sani a can, irin su Neozep da Bioflu, suna ɗauke da sinadarin kulofeniramin, wanda yake cikin Piriton da muka sani a nan. Yana sa barci, yana rage saurin ankara, kuma mutum ba ya jin hakan a jikinsa yadda zai yarda. Haka ma Bonamine da ake sha don jiri da amai a mota ko jirgin ruwa. Ɗalibin da ya kwana karatu, ya sha ɗaya daga cikinsu da safe, ya hau babur, ya haɗa wa kansa abu biyu. Su kuma waɗannan magungunan murar akwai farasitamol a cikinsu, don haka wanda ya ƙara Biogesic a kai ya ninka farasitamol ne bai sani ba, kuma hanta ce ke biyan kuɗin. Abin da zai taimake shi: tun 1988 doka ta tilasta rubuta sunan sinadari a kan kwali da takardar likita, sai ya saba karanta shi maimakon sunan kamfani.

Na cire abu biyu daga takardar Hajiya. Duk wani mai kodin, da ƙwayar barci irin diyazifam, kada a sa masa a jaka. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2002 a Filifin ba ta wasa, kuma "Mama ce ta saka mini" ba hujja ba ce a filin jirgi. Mai ciwon da ke buƙatar magani na kullum ya tafi da shi a kwalinsa na asali, tare da takardar likita da Turanci. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa na bar shi, domin yaro kan iya barin gida da cutar a jininsa ta taso masa bayan mako biyu, alhali likitocin Manila da Sebu ba su cika ganinta ba, ta fi yawa a tsibirin Palawan. Ya faɗa wa likita daga Najeriya ya zo, a gwada jini. Zazzaɓin da ya fi yawa a can dengi ne, kuma shi ba a sha masa asfirin ko ibufurofen saboda zubar jini.

Idan hatsari ya faru, lambar gaggawa 911 ce. Doka, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 2017, ta hana asibiti neman kuɗin ajiya kafin ba da taimakon gaggawa. Amma bayan an ceto rai lissafi zai zo, don haka inshorar lafiya ta shiga kasafin kuɗin makaranta. Wanda ya bugu a kai, ko da ya tashi ya kakkaɓe jiki, in ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, a koma asibiti a daren. Ƙunar salansa, wadda ƙanina ke da tabonta har yau, ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata na minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Allurar tetanus kuma a sabunta ta tun a nan kafin tafiya.

Wani haɗarin titin ruwa ne. Daga Yuni zuwa Nuwamba damina ce, guguwa kusan 20 ke shiga yankin ƙasar a shekara, titi ya koma kogi cikin awa guda. Bayan ramukan kwata da ruwa ke ɓoyewa, akwai cutar leftosfirosis da ke fitowa daga fitsarin ɓera, ta shiga ta ƙaramin rauni a ƙafa. Takan fara da zazzaɓi, ciwon ƙwauri da jan ido, mako ɗaya ko biyu bayan shiga ruwan, ta kuma iya taɓa ƙoda. Wanda ya ratsa ambaliya ya wanke ƙafa da sabulu, ya je cibiyar lafiya cikin kwana ɗaya zuwa uku, likita kan rubuta doksisaikilin na riga-kafi. Ba a ba mai ciki ko ɗan ƙasa da shekara 8. Karnukan unguwa ma suna da yawa, cutar haukan kare tana kashe mutane a can duk shekara. Cizo ko yaƙushi, a wanke da sabulu minti 15, a nufi cibiyar kula da cizon dabbobi a ranar.

Sauran abubuwan takaici ba sa kisa, amma suna cin rai. Maƙwabci zai kunna na'urar waƙa ta karaoke har dare, zakarun dambe su karɓe shi tun kafin asuba. Alƙawarin ƙarfe biyu ya zama ƙarfe uku. Katin zaman baƙi da bizar ɗalibi sai an yi ta zirga-zirga. Yara su bi ka da kallo, wani ya tambaye ka ko kai ɗan ƙwallon kwando ne. Alade kuma yana shiga abincin da ba ka zata ba, har romon miya, sai an tambaya. A Manila, unguwar Kiyafo wajen Masallacin Zinariya akwai abincin halal.

Abin da na fi jan kunnen ƙanina a kai shi ne murya. Mu a Legas in mota ta goge mota, kowa ya fito yana ɗaga murya, bayan minti goma a sasanta. A can yi wa mutum tsawa a gaban jama'a cin mutunci ne babba, suna da kalmarsu ta kunya, "hiya", kuma wanda ka kunyata ba zai saurari gaskiyarka ba. Kafin ka ankara an ɗauke ka a waya an sa a Facebook, hukumar shige da fice kuma takan sa baƙon da ya wulaƙanta jami'i cikin jerin waɗanda ba za su sake shiga ƙasar ba. In an samu rauni, 'yan sanda kan tsare direba har a bincika, ko wane ne mai laifi. Ya kwantar da murya, ya ce "kuya" ga namiji, "ate" ga mace, ya sa "po" a ƙarshen magana, ya ɗauki hoton wurin, ya kira ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Ƙananan rigingimu a ofishin barangay, wato na mai unguwa, ake fara kashe su. Lambar ofishin jakadancin Najeriya da ke Manila ta kasance a wayarsa, ku ma ta kasance a taku.

Hajiya ta tafi da rabin magungunan da ta rubuto, ta ce za ta turo mini yaron ranar Asabar mu zauna. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan amsa tambayoyin da kuka aiko kan maganin tari na yara.