Ɗan Aiken Da Ya Dogara Ga Rubutu

Duk wanda ya san Kafanchan ya san jirgin ƙasa ne ya raya ta. Tun da dogo ya iso a 1927 garin ya zama mararraba: hanya ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos, ɗaya kuma ta gangara Makurɗi har Fatakwal. A zamanin da jirgi ke tashe, ran fasinja da dukiyar ɗan kasuwa suna hannun ma'aikacin da ke juya layi, domin in ya ja ƙarfen da ba shi ba, kayan Jos sai su kwana a hanyar Kaduna. To, masu karatu, yau ga wani sabon ma'aikaci ya zo bakin wata irin mararraba, shi kuwa bai taɓa ganin layin da idonsa ba. Abin da aka rubuta a jikin ƙarfen shi kaɗai ya sani.

Ina nufin manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda yanzu ake aikensu, watau ba hira kaɗai suke yi ba, har su duba farashi, su aika saƙo, su tura kuɗi. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa manhajarsa hanyar kiran wasu manhajoji a 2023, sannan a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da tsarin da ake kira MCP domin a daidaita wannan haɗi. Yadda abin yake shi ne, kowane kayan aiki da za a miƙa wa ɗan aiken nan ana rubuta masa suna, da 'yan layuka na bayanin amfaninsa, da jerin abubuwan da za a cika. Ɗan aiken ba ya leƙa cikin kayan. Bayanin yake karantawa, da shi yake yanke shawara.

Mu ɗauki citta, tun da ita ce arzikin Kachiya da Jaba da Kagarko. A ce wata ƙungiyar manoma ta tanadi kayan aiki mai faɗin farashi, mai rubutun kuma ya rubuta “yana ba da farashin citta” ya tashi abinsa. Wace citta, ɗanya ko busasshiya wadda aka tsaga? Farashin buhu ne, ko na mudu, ko na kilo? Na kasuwar Kwoi ne ko na Legas? Na yau ne ko na makon jiya? Yaron shago in an aike shi haka zai dawo ya tambaya. Manhaja kuwa sau da yawa sai ta cike giɓin da zato, ta kawo amsa cikin lafazi mai daɗi kamar ta tabbata. Manomin da cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta riga ta karya masa jari ba shi da sauran abin da zai yi asara a kan zaton na'ura.

Kada a ce wannan sakacin ƙananan ma'aikata ne kawai. A watan Satumba na 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda takarda ta ce a yi lissafi da awon mita, wata manhaja kuma tana ba da shi da awon fam. Ashe bai isa bayani ya yi kyau ba, sai ya dace da abin da kayan ke yi a zahiri.

Yaya ake gane bayani mai kyau? Ni dai a ganina awon farko ba ya bukatar kwamfuta. A ba sabon akawu takardar, wanda bai san aikin ba, a hana shi tambaya, a ga ko zai iya. Inda ya yi turus, nan ma manhaja za ta yi tuntuɓe. Bayan haka sai gwaji na sosai: a tara tambayoyi masu yawa irin waɗanda mutane ke yi da gaske, a ƙirga sau nawa ɗan aiken ya zaɓi kayan da ya dace, sau nawa ya cika guraben daidai, a gyara rubutun, a sake gwadawa. A kuma duba ko bayanin ya faɗi lokacin da ba za a yi amfani da kayan ba, musamman in akwai guda biyu masu kama da juna, kamar na duba kuɗi da na tura kuɗi.

Amma fa abin da ya fi damuna shi ne harshe. Bayanan nan galibi da Turanci ake rubuta su, da Turanci ake gwada su, alhali mai tambaya a Zonkwa da Hausa zai yi, ko ya gauraya da Jju ko Tyap. Ga kuma sunayen garuruwanmu. Kagoro daban, Kagarko daban, Kagara kuwa ma tana Jihar Neja. In gurbin da aka rubuta wa “gari” bai nemi ƙaramar hukuma da jiha ba, buhunan takin mutanen Kagoro za su iya sauka a inda ba a san da zuwansu ba.

Ba baƙon abu ba ne wannan yanki ya yi wa kansa hidimar zamani. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko ta kai intanet karkara tun ana ganin abin kamar almara. Saboda haka ina kira ga matasanmu masu rubuta manhaja a Kafanchan, kafin su miƙa wa manomi kowane irin ɗan aike, su kwashi tambayoyin gwajinsu daga bakin dillalai a ranar kasuwa, da irin Hausar da ake ciniki da ita. Banki ko kamfanin da zai kawo mana nasa daga waje kuma, a tambaye shi da wane harshe ya gwada, kuma sau nawa ɗan aiken nasa ya ɓata hanya.